Ƙaramin Kai a Rufin Kawu Nerius

Duk wanda ya shiga ɗakin Kawu Nerius karo na farko sai ya ɗaga kai ya tsaya kallo. A jikin itacen rufin, inda hayaƙin murhu ya mai da komai baƙi, ƙasusuwan kan giwan ruwa ne a jere, kowanne baki a wangame, wasu sun kai girman tukunya. Baƙi kan ɗauka alfaharin masunci ne. Alfaharin kam akwai shi, ba zan kare Kawu ba, domin tun da nake ban taɓa ganin ya ji kunyar yabon kansa ba. Amma kowane ƙashi a wurin na mutum ne. Zai ɗauki sanda ya nuna maka, ya ce wannan na wane ne da ke aikin katako a Kiunga, wancan na wance ce da ta yi aure a Daru. Nawa ma yana nan kusa da ƙofa, kuma yana daga cikin manya.

A zuriyarmu, idan cikin mace ya fito, ɗan'uwanta ko kawunta ne ke ciyar da ita kifi har ta sauka. Ba kowane kifi ba, giwan ruwa, kuma mafi girman da hannunsa ya iya kaiwa gare shi. Na farkon akan rataye shi a doguwar sanda, mutum biyu su saɓa, a bi ta tsakiyar gari da rana tsaka kowa ya gani. Mai cikin ita ke cin kan, ta wanke ƙashin ta mayar wa wanda ya kawo, shi kuma ya rataye a rufinsa. Ma'anarsa ɗan da ke cikin nan yana da masu shi. Macen da ta ƙi kifin kawunta kuwa, tamkar ta ce masa ba ta san shi ba ne, kuma ban taɓa jin wadda ta yi hakan ba.

Kawu ƙanen Inna ne. Babanmu ya rasu ina ƙarama, ni kaɗai Inna ta haifa, saboda haka a cikin kwale-kwalen Kawu na yi rabin ƙuruciyata. Dogo ne, siriri, yana tuƙi a tsaye kamar kowa a nan wurinmu, Tafkin Murray, sai dai shi yana yi yana waƙar coci da murya marar daɗi. Ya san inda manyan giwaye ke laɓewa, a bakin koguna, ƙarƙashin itatuwan da ruwa ya shanye. Yakan sa ɗan kifi mai rai a babbar fatsa, ya saki igiya, ya zauna yana tauna busasshen sago, abincinmu da ake yi da garin cikin wani itace mai kama da giginya, har rana ta karkata. Duk kifin da bai kai tsawon hannunsa ba, sai ya cire fatsar ya mayar da shi ruwa, ya ce masa ya je ya gaida uwarsa.

Matarsa, Anti Meriba, ita ce ke shan tsiyarsa. Kullum da safe takan bi mata zuwa cikin ciyawar bakin ruwa da komarta, ta dawo da jatan lande da ƙananan karfasa. Kawu yakan leƙa kwandon ya tambaye ta ko kyanwar wa za a yi wa biki. Karfasa ma ya ce ba 'yar tafkin nan ba ce, baƙuwa ce da ta shigo jiya jiya ba sallama. Ita kuwa Anti ba ta ɗaga murya. Takan ce masa, ranar da giwarsa ta ƙi zuwa, ai da abincin kyanwar nan yake lashe kwano. Gaskiyarta ne, kuma ya sani.

Shi ya koya mini cin kan kifi. Yadda za ka bi kumatu, ka zaro naman da ke bayan ido, ka tsotse abin da ke cikin haƙarƙarin wuya. Can cikin ƙoƙon kan akwai wasu 'yan fararen duwatsu guda biyu, masu santsi, waɗanda ba a isa gare su sai an juya ƙashin an ɓalle wani ɗan murfi ta ƙasa. Yawancin mutane ba sa damuwa da su. Ni kuwa tun ina yarinya ba na barin kan kifi sai na ciro su, na tara a gwangwanin madara. Kawu kan yi dariya ya ce Talita za ta gina gida da duwatsun kunnen kifi.

Na auri Kelopas, malamin firamare da aka turo tsibirinmu daga can kan tudu, inda kifi sai na gwangwani. Kawu ya karɓe shi hannu biyu, ya kuma raɗa masa suna Ɗan Tudu, har yau da shi yake kiransa. Mun daɗe ba haihuwa. Na taɓa samun ciki ya zube tun bai fito ba, ban kuma son tuna lokacin. Saboda haka da na sake samu, ya zauna, ya fara turo riga, na zama matsoraciya. Ko kwale-kwale ya ɗan yi tangaɗi sai na dafe ciki.

A wannan lokacin ne Sista Apoloniya ta ɗakin shan magani ta tara mu masu ciki a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Kafin nan wasu masu bincike sun zo sun yanki gashin mutane kaɗan kaɗan, sun ɗebi naman kifi, sun tafi da su birni. Sista ta ce sakamako ya nuna akwai zaiba a jikin kifin tafkin, wadda ido ba ya gani, harshe ba ya ji, wuta kuma ba ta kashe ta. Wasu na cewa daga ƙasar tafkin take tun asali, wasu na cewa ruwan da ke gangarowa daga wuraren haƙar ma'adinai ne ke ƙara ta, ita dai ba ta san gaskiyar wannan ba. Abin da ta sani shi ne ƙaramin kifi kaɗan yake ɗauka, babba ya cinye ƙanana ya tara tasu a jikinsa, shekara da shekaru. Tsohuwar giwan ruwa ta fi kowa. Babban mutum jikinsa na iya jurewa idan bai cika ci ba, amma ɗan da ke ciki, wanda ƙwaƙwalwarsa ke haɗuwa, shi abin ke taɓawa. Ba ta ce mu bar kifi ba. Ta ce mu ci ƙanana, mu bar manya sai mun yaye.

Na koma gida. Na faɗa wa Inna, sai ta ce kada in kuskura in kai wa Nerius wannan magana. Tun ranar da ya ji ina da ciki yake gyaran igiya, har sabuwar sanda ya sassaƙa. Ta san ƙanenta, in aka ce masa kifinsa guba ne, zai ji kamar an ce hannunsa ne guba. Dabararta ita ce a karɓi kifin da godiya, a shiga ɗaki a rufe ƙofa, Kelopas ya ci kan, ita ta taya shi da sauran, a wanke ƙashi a mayar. Ni kuma ta riƙa samo mini ƙananan kifi a ɓoye. Ban ga laifin dabarar ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Ranar da Kawu ya kawo kifin, gari ya fito. Giwa ce da wutsiyarta ke jan ƙasa, shi a gaba, maƙwabcinsa a baya, suna nishi, Kawu yana rera waƙarsa yana tsayawa a kowace ƙofa wai yana gyara kafaɗa. Ya sauke ta a gabana ya ce, "Ga shi nan, ɗiyata. Ki ci ki haifo mana wanda zai fi ubansa iya tuƙi." Na durƙusa na gode, hawaye na zubo mini, ya ɗauka na murna ne. Rabi na murnar ne kuwa.

Kelopas ya sha fama da kan nan. Mutumin da bai san ta inda ake shiga kan kifi ba, ga shi an ajiye masa wanda ya cika faranti, Inna na tsaye a kansa tana cewa ya yi sauri. Ni warin ma ba na iya jurewa a lokacin, ina can bayan ɗaki. Kelopas ne ya wanke ƙashin, Inna ta kai wa Kawu. Bayan wannan kifi ya ci gaba da zuwa, duk bayan 'yan kwanaki, kuma Kelopas ya ci gaba da aikinsa. Kumatunsa suka ciko, wandon makaranta ya ƙi maɓalli. Mata a bakin ruwa suka fara tambayar Inna wai cikin na Talita ne ko na malam.

Wata safiya ina tankaɗe garin sago a ƙofa sai ga Kawu. Ba waƙa, ba sallamar wasa. Ya zauna a matakalar ɗakinmu, ya zaro ƙashin kan daga cikin jakarsa. Ashe ya hau gyaran rufi inda ruwa ke yoyo, ya sauke ƙasusuwan, da ya ɗauki wannan, wanda hayaƙi ya riga ya busar, sai ya ji wani abu. Ya matso da shi kusa da kunnena ya girgiza. Duwatsun nan biyu suka yi ƙara a ciki, ƙas ƙas.

"Talita," ya ce, "tun kina tsirara ba ki taɓa barin waɗannan a cikin kai ba. Wa ya ci kifina?"

Kelopas da ke ɗaura takalmi a ciki ya ƙame. Inna ta fito tana cewa, "Nerius, tsaya ka ji," ya ɗaga mata hannu ya ce, "Yaya, ba da ke nake ba." Sai na faɗa masa komai, da maganar Sista, da zaiba, da gashin da aka yanka. Na ce masa na riga na rasa ɗaya, ba zan iya sa wannan a caca ba, ko da maganar rabin gaskiya ce. Ina magana hannuna a kan ciki.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi Kelopas ta ƙofa ya ce, "Ɗan Tudu, ashe kai nake yi wa kiwo." Ba wanda ya yi dariya. Ya mayar da ƙashin cikin jaka ya tashi ya tafi.

Daga nan ɗakin shan magani ya nufa. Sista ce ta ba ni labari daga baya. Ya ce mata uwarsa ta ci giwan ruwa ta haife shi, ga shi nan tsaye, Yaya ta ci ta haifi Talita, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu, to gubar tana ina? Sista ta ce masa ba kowa abin ke nunawa a jikinsa ba, kuma ba ciwo ne da ake gani da ido ba, yana iya zama ɗan nauyin kai ko ɗan jinkirin magana da ba wanda zai danganta da kifi. Ta ce in yana so, idan masu binciken suka dawo, ya ba da gashinsa a auna. Ya ce gashinsa ba ya zuwa birni ba tare da shi ba. Ya yi mata godiya yadda ya kamata, ya fita.

Kwanaki suka wuce bai leƙo mu ba. A coci ya koma zama can baya. Magana ta zaga gari, kamar yadda takan yi a tsibiri, wasu na cewa na wulaƙanta kawuna saboda maganar 'yan birni, wasu masu ciki kuma na zuwa a ɓoye suna tambayata yadda na yi. Ni dai abinci ya daina yi mini daɗi. Mutumin da ya tsaya mini a matsayin uba, ga shi ɗana zai zo duniya babu ƙashinsa a rufinsa. Na yi kuka ba sau ɗaya ba.

Abin da ya faru a gidansu, Anti Meriba ce ta faɗa mini, kuma har yau in tana faɗa sai ta riƙe ciki don dariya. Ta ce wata safiya ta ɗauki komarta za ta fita, sai ta ga mutum tsaye a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya tambaye ta, wai abin nan ta wane gefe ake riƙe shi. Ta ce masa, wane abu? Ya ce abin nan dai. Ta ce ita ba ta san wani abin nan ba, ya faɗi sunansa. Sai da ya ce koma da bakinsa. Ta ce masa ai wannan na masu yi wa kyanwa biki ne, babban masunci me zai yi da shi? Ya ce, "Meriba, ki yi wa Allah." Ta ce ita ma za ta iya kamo wa Talita kifin, ya huta. Ya ce a'a, ba ita ce kawunta ba.

Haka Kawu Nerius, da tsawonsa da furfurarsa, ya shiga cikin ciyawa tare da mata, ruwa iya gwiwa. Bai iya komai ba. Wanda ya saba zama shiru yana jiran babba, ga shi an ce ya sunkuya ya tura koma a hankali ƙarƙashin ciyawa ya ɗaga da sauri. Inuwarsa ma korar kifin take yi. Ya faɗi a laka, matsattsaku suka kama masa ƙafafu, bayansa ya ƙage har sai da Anti ta gasa masa da ruwan zafi. Mata suka same shi yadda suke so. Wata tsohuwa ta ce masa, "Amarya, ɗaura zane mana, wandon nan ne ke hana ki." Wata ta riƙa zuba masa nata a kwando don tausayi, ya mayar mata, ya ce sai wanda hannunsa ya kama. Ranar farko jatan lande ya samo da bai cika tafin hannu ba.

Ni duk ban san ana yi ba, domin Inna ta hana a faɗa mini. Sai wata rana da tsakar rana na ji hayaniya da dariya daga bakin ruwa, a ciki kuma da waƙar cocin nan marar daɗi. Na fito na tsaya a ƙofa. Ga Kawu a gaba, maƙwabcinsa a baya, sun saɓo sabuwar sandar nan mai kauri. A tsakiyarta wata 'yar igiya ce ke lilo, an zura mata ƙananan karfasa, babbarsu ba ta wuce tafin hannu ba. Maƙwabcin yana ta nishin ƙarya yana cewa a taimaka kafaɗarsa za ta karye. Kawu kuwa fuskarsa a ɗaure, yana tsayawa a kowace ƙofa yana gyara kafaɗa kamar yadda ya saba. Bai tsallake gida ko ɗaya ba.

Ya sauke sandar a gabana. Ya ce, "Ga shi nan, ɗiyata. Wannan karon a gabana za ki ci. Ɗan Tudu, kai koma makaranta."

Inna ta gasa su da sago a cikin ganye. Na zauna a matakala na cinye, gari na kallo. Da na zo kan babbar, na juya ɗan ƙashin, na sa tsinke na ciro duwatsun, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, na ajiye masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsu.

Da mutane suka watse na ce masa, ashe dai ya yarda da maganar Sista. Ya ce, "Wa ya ce miki? Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Kifina lafiyarsa lau." Na ce to me ya kai shi cikin ciyawa? Ya ce, "Ranar nan na ga yadda kika dafe ciki kina yi mini magana. Ni ban kawo kifi don ki ci da tsoro ba."

Har na haihu, har na yaye, bai fasa ba. Giwa sau ɗaya ake shan wahalarta a ci kwanaki, ƙananan nan kuwa kullum sai an shiga ruwa. Ya ƙware har ya fara yi wa mata gyara a riƙon koma, abin da ya sa Anti ta ce gara lokacin da bai iya ba. Bayan nawa, wasu maza a zuriyarmu suka fara rataya ƙananan kifi a sanda, wasu kuma suna nan kan manya, kowa da abin da ya gani. Kawu bai taɓa yi wa kowa wa'azi a kai ba. Shi kansa har gobe giwa yake ci, ya ce shi ya gama girma, ba abin da ya rage a kansa da za a lalata. Sista ta roƙe shi ya rage, ya ce ya ji.

Ketura, 'yata, yanzu tana makarantar ubanta, baki gare ta kamar me. Kawu ya tsufa, ba ya zuwa bakin koguna sai an tuƙa shi, amma yana nan da waƙarsa da tsiyarsa. Amaryata yake kiranta, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mai warin kifi. Kwanan baya muna zaune a ɗakinsa ana ruwa, ta kwanta rigingine tana bin ƙasusuwan da yatsa, yana faɗa mata sunan mai kowanne. Suka zo kan wani ɗan mitsitsi da aka ɗaure da zare kusa da nawa, wanda in ba ka lura ba sai ka ɗauka busasshen ganye ne. Ya ce mata wannan nata ne.

Ta tashi zaune ta turo baki. "Kaka, wannan ai rainin wayo ne. Kowa nasa ƙato, ni nawa kamar na ɓera. Rowa ka yi mini ko tsufa ne?"

Anti Meriba ta fara dariya a bakin murhu. Kawu ya miƙa sanda ya ɗan taɓa ƙashin, ya yi lilo.

"Amaryata," ya ce, "duk rufin nan babu wanda ya ba ni wuya kamar naki."